Tsangayar Haziƙai da Doguwar Hanyar Zama Likita a Amurka

A Amurka yawanci ba a shiga makarantar likitanci daga sakandare. Yaron da ya ci JAMB a Kano ko Zariya yana iya fara MBBS na shekara shida kai tsaye, amma takwaransa na can galibi sai ya kammala digirin farko na shekara huɗu tukuna. Jami'ar Johns Hopkins ce ta kafa wannan sharaɗi tun da ta buɗe makarantar likitancinta a 1893, kuma bayan rahoton Abraham Flexner na 1910 sauran makarantu suka bi sahu a hankali.

Shekarun nan huɗu na share fage ne, kuma ɗalibi yana iya karantar tarihi ko kiɗa in ya ga dama, muddin ya ci darussan ilimin halittu, kimiyyar sinadarai da fizis. Daga nan sai jarrabawar MCAT, wadda ake shafe sama da awa bakwai ana yi, makinta daga 472 zuwa 528. Duk shekara fiye da rabin masu neman gurbi ba sa samu.

Cikin wannan tsere ne jami'o'i ke tallata tsangayar haziƙai. Frank Aydelotte, shugaban Kwalejin Swarthmore, ya fara irin shirin a 1922, bisa abin da ya gani a Oxford lokacin yana ɗalibi. Yau manyan jami'o'in gwamnati sun rungume shi: akwai Barrett a Jami'ar Jihar Arizona, akwai Schreyer a Penn State. Ɗan tsangaya yakan samu ƙaramin aji, da ɗakin kwana tare da ire-irensa, da damar yin rajistar darasi kafin kowa. A shekarar ƙarshe kuma ya rubuta kundin bincike.

Iyaye suna son sunan. Amma masu tantancewa a makarantun likitanci sun fi duba matsakaicin maki da sakamakon MCAT, kuma darasin haziƙai mai wuya yana iya jan makin ƙasa. A ganina ribar shirin tana wajen malamai. Farfesan da ke koyar da mutum ɗari uku a zaure ɗaya ba zai san sunanka ba, balle ya rubuta maka takardar shaida mai nauyi. Wanda ya zauna da ku ashirin kuna muhawara, shi ne zai buɗe maka ƙofar ɗakin bincikensa, ya kuma faɗi abin da ya gani da idonsa.

Rayuwar harabar jami'a kuwa, ɗan share fage kaɗan yake ɗanɗana. Yayin da abokai ke filin ƙwallo ranar Asabar, shi yana aikin sa-kai a asibiti ko yana bin wani likita yana kallon yadda ake duba marasa lafiya, domin ana lissafa waɗannan awanni a takardar neman gurbi.

Ga ɗanmu da ke mafarkin tafiya can akwai wani shinge daban. Makarantun likitancin Amurka kaɗan ne ke karɓar baƙi, ba a ba baƙo rancen karatu na gwamnatin tarayya, wasu makarantun ma sai sun ga shaidar kuɗin shekara huɗu kafin a fara.