Haɗin Sauti a Kiɗan Jita: Darasi Daga Buluz da Jaz



Wataƙila wasu za su yi mamaki, me ya haɗa malamin Hausa da kiɗan jita? Amsar ita ce, duk wanda ya saba da auna karin waƙa, yana rarrabe gaɓa mai nauyi da mai sauƙi, to ya san cewa abin da kunne ke jin daɗinsa yana da ƙa'ida a ƙarƙashinsa. Ƙa'idar da nake so mu duba yau ita ce ta haɗin sauti, wato yadda makaɗin jita maras lantarki, mai kaɗawa da yatsunsa, yake zaɓen sautukan da zai tayar a lokaci guda. Na zaɓi wannan batu ne saboda matasa da dama suna sayen jita, su haddace ɗaruruwan zane-zanen ɗora yatsu, sannan bayan wata shida su rataye ta a bango, suna cewa abin baiwa ce da ba a ba su ba. Ra'ayina shi ne, hanyar koyon ce ta ɓatar da su.

Asalin Kiɗan

Buluz kiɗa ne na baƙar fatar kudancin Amurka, jikokin bayi, wanda ya bayyana a ƙarshen ƙarni na 19, musamman a yankin kogin Misisipi. A 1920 Mamie Smith ta yi faifan da ya buɗe wa wannan kiɗa kasuwa. Mississippi John Hurt ya yi nasa faya-fayan a 1928, sannan aka mance da shi sai a 1963 da aka sake gano shi. Robert Johnson kuwa waƙoƙi 29 kacal ya bari, waɗanda aka ɗauka a 1936 da 1937. Shi kuma jaz a birnin New Orleans ya tashi, faifansa na farko ya fito a 1917.

Akwai dangantaka tsakanin wannan kiɗa da ƙasashenmu. Masani Gerhard Kubik, a littafin da ya wallafa a 1999, ya kawo hujjojin cewa salon rera buluz ya fi kusa da na yankin sabana na Afirka ta Yamma, inda ake kaɗa dangin molo da garaya da goge. Amma mu yi adalci: tsarin haɗa sautuka uku ko huɗu a jere shi daga kiɗan Turai ya samo tushe. Abin da baƙar fatar Amurka suka yi shi ne, sun karɓe shi sun tanƙwara shi ya dace da muryarsu.

Jita da Ma'auninta

Jita tana da tsirkiya 6. Ana ƙirga su daga siririya, wadda ita ce ta 1, zuwa mai kauri, ta 6. Daga ta 6 zuwa ta 1 ana ɗaure su a kan sautukan da ake wa laƙabi da E, A, D, G, B, E. Wuyan jitar a rarrabe yake gaɓa-gaɓa kamar kara, kuma duk gaɓar da aka matsa, sauti ya hau taki ɗaya. Idan aka yi taki 12, an komo sautin farko, sai dai da siririyar murya.

Kowane haɗi yana da tushe, wanda daga gare shi yake samun suna. Mu ɗauki G. Taki 4 daga gare shi sai B, wanda ake kira na uku. Taki 7 sai D, na biyar. Taki 10 sai F, na bakwai. Waɗannan huɗu su ne haɗin G7, kuma irin wannan haɗi shi ne ginshiƙin buluz.

Zubin buluz da aka fi sani zango 12 ne, kowane zango bugu 4. A gidan G, ana yin zango 4 a kan G7, 2 a kan C7, 2 a kan G7, 1 a kan D7, 1 a kan C7, sannan 2 a kan G7. Mawaƙi yakan rera ɗango, ya maimaita shi, sannan ya rufe da na uku. Haɗi uku ke nan kawai.

Abin Da Za A Zubar

A nan ne darasin yake. Mai koyo yakan ɗauka dole ne tsirkiya shidan duka su yi magana. Alhali shi mai kaɗawa da yatsu babban yatsansa na dama yana can yana aikin ganga a kan tsirkiyoyi masu kauri, manuniya da na tsakiya kuma su ne ke ɗauke da waƙar. Idan ya danne wuyan jita gaba ɗaya da hannun hagu, ba shi da sauran yatsan da zai yi ado da shi, ga gajiya, ga cunkoson sauti.

Sai mu tambaya, a cikin sautuka huɗun nan, wanne ne ke ɗauke da ma'ana? Kamar yadda a jimla akwai kalmar da za a shafe ba a rasa komai ba, haka na biyar yake: ko an zubar da shi, kunne zai cike gurbinsa. Na uku shi ke faɗin ko haɗin mai walwala ne ko mai juyayi, gwargwadon ko taki 4 ne ko 3 daga tushe. Na bakwai shi ke faɗin ko haɗin ya zauna ko yana neman wucewa gaba. Saboda haka tushe da na uku da na bakwai sun wadatar.

Ga yadda abin yake a aikace. Don G7, a danne tsirkiya ta 6 a gaɓa ta 3, ta 4 a gaɓa ta 3, ta 3 a gaɓa ta 4. Don C7, a danne ta 5 a gaɓa ta 3, ta 4 a gaɓa ta 2, ta 3 a gaɓa ta 3. Ku lura: yatsu biyun da ke kan tsirkiya ta 4 da ta 3 gaɓa ɗaya tak suka ja da baya. Don D7, ta 5 a gaɓa ta 5, ta 4 a gaɓa ta 4, ta 3 a gaɓa ta 5, wato daga G7 sun matsa gaba da gaɓa ɗaya. Ashe buluz ɗin nan duka a cikin gaɓoɓi kaɗan yake zaune, kuma wannan ɗan motsi shi ne ke sa kiɗa ya gudana ba tare da tsalle-tsalle ba.

Daga Buluz Zuwa Jaz

Jaz yana yawan bin wata hanya mai haɗi uku: na mataki na biyu, na biyar, sannan a sauka gida. A gidan G, za a fara da Am7: tsirkiya ta 6 da ta 4 da ta 3, duka a gaɓa ta 5. Daga nan zuwa D7, ban da tushe, sauti ɗaya ne ke motsi, ta 4 ta sauka gaɓa ta 4. Daga nan a sauka gida: tushe ya koma ta 6 a gaɓa ta 3, ta 3 ta sauka gaɓa ta 4. A wannan karon na bakwai ɗin taki 11 ne daga tushe, shi ya sa kunne ke jin an iso.

Sai wannan ya zauna a hannu sannan ake ƙara gishiri. A kan G7, idan ƙaramin yatsa ya danne tsirkiya ta 2 a gaɓa ta 5, an sami G13. A kan C7, gaɓa ta 3 ta wannan tsirkiya tana ba da C9. Sunayen da ke firgita mai koyo a littafi, yawancinsu tsohon haɗin nan ne aka ɗora masa sauti guda a sama.

Manyan makaɗa sun tabbatar da wannan. Freddie Green ya yi shekara 50, daga 1937 zuwa 1987, yana kaɗa jita maras lantarki a ƙungiyar Count Basie, kuma da sauti uku ko ƙasa da haka yake riƙe da tafiyar ƙungiyar. Django Reinhardt, wanda ya yi suna a Faransa, gobara ta nakasa masa yatsu biyu na hagu a 1928, amma da ragowar ya zama abin koyi har yau.

Abin Da Takarda Ba Ta Ɗauka

Akwai wani abu guda da babu zanen da zai koyar da shi. Haɗin G7 yana ɗauke da B, amma mawaƙin buluz sau da yawa ƙasa da shi kaɗan yake rerawa, a wani wuri tsakanin gaɓa biyu. Makaɗi yakan ture tsirkiya gefe da yatsa don ya kamo wannan wuri. Wannan ɗan saɓani tsakanin murya da haɗi shi ne ɗanɗanon buluz. Mukan ce gani ya kori ji, amma a wannan fage ji ne ya kori gani.

Kammalawa

Shawarata ga mai koyo ita ce ya bi abin daki-daki. Da farko ya horar da babban yatsa shi kaɗai, yana kai-komo tsakanin tsirkiya mai tushe da ta 4, bugu 4 a kowane zango, har ya iya hira yana yi. Na biyu, ya ɗora haɗin nan uku ya zagaya zango 12 a hankali. Na uku, ya matsar da hannun zuwa wata gaɓa, domin zubin ba ya sakewa, suna ne kawai ke sakewa. Na huɗu, ya zauna da faifan John Hurt yana saurare yana kwaikwayo, kamar yadda yaron makaɗi ke koyo a gaban ubangidansa. Kwata ɗaya na awa a kullum ya fi wuni guda a mako, domin yau da gobe ita ke sa allura ta gina rijiya.