Sa Hannu A Rufe: Dabarar Sakaya Mai Saye A Cinikin Intanet

1.0 Gabatarwa

Bisa al'ada, sa hannu shaida ce da ke bayyana mai shi. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace wani nau'in sa hannu na lissafi wanda ke tabbatar da ingancin kuɗi ba tare da tona asirin mai kashe su ba.

2.0 Yadda Dabarar Take

David Chaum, masanin kwamfuta ɗan Amurka, shi ya ƙago ta a 1982. Banki yakan mallaki mabuɗi biyu: na sirri, wanda yake sa hannu da shi, da na fili, wanda kowa ke tantance sa hannun da shi. Mai saye zai zaɓi wata lamba a matsayin takardar kuɗinsa, ya lulluɓe ta da wata lambar da shi kaɗai ya sani. Banki ya sa hannu bai ga ainihinta ba, ya zare kuɗin daga asusunsa. Daga nan mai saye ya yaye lulluɓin, sa hannun yana nan daram. Idan ɗan kasuwa ya kawo lambar, banki zai shaida hannunsa, ya duba ko an taɓa kashe ta, amma ba zai gane wanda ya bai wa ba.

3.0 Kammalawa

Kamfanin Chaum, wato DigiCash, ya fara aiki da bankin Mark Twain na Amurka a 1995, ya durƙushe a 1998. Katin banki ne ya mamaye kasuwa, alhali yana taskace kowane ciniki da sunan mai shi. Ke nan, sauƙin biya ne ya rinjayi sirri.