Tayil a tsakar gida: abin da damina ke tonawa a Zariya

A Samaru da Sabon Gari da ke Zariya, a jihar Kaduna, shimfiɗa tayil ya wuce falo da ɗakin kwana, ya kai tsakar gida da harabar masallatai da gaban shaguna.

Sai dai tayil ɗin da ke sheƙi a falo ba shi ne ya dace da waje ba, kuma sau da yawa maigida ba ya gane hakan sai ruwan farko ya sauka.

Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, akasarinsa tsakanin Mayu da Satumba. Bayan damina sai sanyin hunturu, sannan zafin bazara a Maris da Afrilu. Duk abin da aka shimfiɗa a fili sai ya sha waɗannan ukun.

Santsi

Tsakar gida ita ce wurin wanki da wanke-wanke da alwala, nan kuma yara ke guje-guje. Idan ruwan sabulu ya hau kan tayil mai ƙyalli, ƙafa ba ta da abin kamawa. Yaro kan faɗi ya tashi, amma ga dattijo faɗuwa ɗaya na iya zama karaya a ƙugu da doguwar jinya.

Masana'antu na auna santsin tayil da wani ma'auni da ya samo asali daga Jamus, wanda ya fara daga R9 zuwa R13. Masana gine-gine kan ba da shawarar R11 ko sama da haka ga wurin da ruwa ke duka.

Ba kowane kwali ne ke ɗauke da wannan lamba ba. A irin wannan hali mai saye na iya jiƙa guda ɗaya a gaban shago ya goga tafin hannu a kai. Wanda hannu ya zame a kansa, na ɗaki ne.

Abu na biyu shi ne shan ruwa. Nau'in da ake kira fosilin, wanda ake gasawa a wuta mai zafin maki 1,200 ko kusa da haka, ba ya shan ruwan da ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa. Mai araha kuwa kan sha ruwa, ya yi tabo, gansakuka ta kama shi a lokacin marka. Ɗigon ruwa a bayan tayil na nuna bambancin: idan ya shanye nan take, bai dace da waje ba.

Launi ma abin lura ne, musamman a masallatai inda ake tuɓe takalmi, domin baƙin tayil na ƙona ƙafa da azahar. A Masallacin Harami na Makka, farin dutsen mabul daga tsibirin Thassos na ƙasar Girka aka shimfiɗa a wurin ɗawafi saboda ba ya ɗaukar zafi sosai.

Aikin magini

Ko tayil ɗin na Ajaokuta ne a jihar Kogi, ko an shigo da shi daga Sin ko Indiya ko Italiya, ƙarkonsa ya dogara ne ga abin da ke ƙarƙashinsa.

Ana buƙatar a danne ƙasa sosai, a zuba kankare, a ba shi lokaci. Kankare kan ɗauki kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, abin da maigida mai gaggawar tarewa ba ya son ji. Dole kuma daɓen ya gangara wajen kwata da santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita. Bokitin ruwa guda ya isa ya nuna ko an yi hakan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗiga siminti a kusurwoyin tayil da tsakiyarsa kawai, don a yi tsimi. Hakan na barin rami a ƙarƙashi, ruwa ya taru, tayil ya ɓamɓare. Idan aka ƙwanƙwasa shi aka ji yana amo kamar ganga, to aikin bai yi ba.

Haka kuma tayil na buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi. Shi ya sa ake barin 'yar tazara tsakanin ɗaya da ɗaya, da kuma layi mai ɗan faɗi a kusan kowace mita uku. In babu wannan, tayil kan yi tozo ya fashe.

Turmi da makwabta

Akwai abin da ba a rubuta a jikin kwali ba: tayil ba ya jure daka. Daɓen gargajiya, wanda mata kan taru su yi da tsakuwa da ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, bai san wannan matsala ba. Gidan da har yanzu ake surfe da daka na buƙatar a bar wa turmi da murhu wurinsu na ƙasa.

Sai kuma batun inda ruwa zai tafi. A Samaru, inda gidajen haya suka yi ta ƙaruwa tun bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, filin da aka rufe ruf da tayil ba ya shanye komai. Ruwan duka kan fita lungu, wani lokaci ya afka gidan makwabci da ke gangare.

Wannan ne ya sa wasu ke zaɓar intalok, wato ƙananan bulon siminti da ake jerawa a kan yashi ba tare da an liƙe su ba. Wani kaso na ruwan na bi ta tsakaninsu ya shiga ƙasa, kuma idan famfo ya fashe ana iya cire su a gyara a mayar. Mai kaurin milimita 60 ya isa wurin tafiya da ajiye ƙaramar mota, amma inda manyan motoci ke shiga sai an sa na milimita 80.