Ɗalibin da Ya Faɗi Jarrabawa: Darasi daga Barnaba

Duk ƙarshen zango, idan aka manna sakamako a allo, akwai ɗalibin da zai duba ya juya shiru. Sau da yawa Girkanci ne ya kā da shi, ko Ibrananci. Kunya ce ta fi cinsa, domin ikilisiyar ƙauyensu ce ta biya masa kuɗin makaranta daga baikon amfanin gona. Daga nan sai tambaya mai haɗari ta shigo zuciyarsa: anya Allah ya kira ni kuwa?

Akan ce masa, "Yi haƙuri, nufin Allah ne." Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta nuna masa abin da zai yi gobe da safe.

Mu dubi Yahaya Markus. Ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya ya koma Urushalima (Ayyukan Manzanni 13:13). Da za a sake fita, Bulus ya ƙi ɗaukarsa, gardama ta yi zafi har suka rabu (15:36-40). Ba inda aka ce Barnaba ya musa laifin Markus. Aiki ya sake ba shi, kusa da kansa. Mu lura kuma da inda ya kai shi: Kubrus, ƙasar Barnaba ta haihuwa, wadda Markus ya riga ya ratsa a tafiyar farko kafin ya ja da baya. Wato ya mai da shi wurin da ƙafarsa ta taɓa tsayawa. Wani zai ce ai ɗan'uwansa ne (Kolosiyawa 4:10). To, haka ne, amma Bulus da kansa ya nemi a kawo masa Markus daga baya, yana shaida amfaninsa cikin hidima (2 Timoti 4:11).

Haka ya kamata mu yi. Mu zauna da ɗalibin, takardar jarrabawarsa a gabanmu, mu nemo ainihin inda ya yi tuntuɓe. "Na faɗi Girkanci" dutse ne da ba ya ɗaukuwa. "Ban riƙe ƙarshen aikatau ba" kuwa abu ne da rabin awa kowace rana tare da aboki zai gyara, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ba shi hidimar da ya iya, ko jawabin addu'ar safe, domin ya ga baiwarsa tana nan. Kada kuma a bar shi ya kai labari gida shi kaɗai. Malami ya rubuta wa dattawan ikilisiyarsa, ya bayyana abin da ya rage.

Idan ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, yana gudun mutane, abin ya wuce maganar maki. Iliya ma abinci da barci aka fara ba shi kafin Ubangiji ya yi masa magana a Horeb (1 Sarakuna 19). Irin wannan ɗalibi, a raka shi wurin likita, kada a bar shi a ɗaki shi kaɗai.