Yadda iskar heliyom take cin ƙarfen tungisten

A Kadarash, a kudancin Faransa, ake gina ITER, tukunyar da za ta haɗa ƙwayoyin zarra na deteriyom da tiritiyom domin samar da makamashi. Wannan haɗuwa tana barin toka, tokar kuwa ita ce heliyom. Wurin da ake kwashe ta yana ƙasan tukunyar, inda zafi ya fi tsanani, kuma da tungisten ake lulluɓe shi, saboda a cikin ƙarafa babu mai jimirinsa: sai zafi ya kai digiri 3422 yake narkewa.

Amma jure wuta dabam ne da jure heliyom. Ƙwayoyin heliyom da suke isa jikin bangon ba su da ƙarfin ture ƙwayar tungisten daga mazauninta, domin ta ninka su nauyi sau 46. Ɓarnar ba ta bugu ba ce, ta taruwa ce. Heliyom ba ya narkewa a cikin ƙarfe, ba ya kuma haɗuwa da shi. In ya kutsa sai ya yi ta yawo tsakanin ƙwayoyin tungisten har ya gamu da ɗan'uwansa, su manne. Da sun yi yawa sai su ture ƙwayar ƙarfe guda, su mamaye gurbinta, gurbin ya zama ɗan kumfa. Kumfan yana kumbura, yana tunkuɗa ƙarfen da ke kewaye da shi zuwa sama, wani kuma ya fashe ya bar rami.

A shekarar 2006 Takamura da abokan aikinsa na jami'ar Nagoya, a ƙasar Japan, suka bayyana inda abin yake kaiwa. In zafin ƙarfen yana tsakanin digiri 700 da 1700, fuskarsa mai sheƙi takan koma baƙa ƙirin, ta tsiro da zarurruka masu kama da gashin ɗan tsako, kaurin kowane bai wuce ƴan gomomin nanomita ba. A 2008 Baldwin da Doerner suka auna girmansu a San Diyego: sai an ninka lokaci sau huɗu kaurin shimfiɗar yake ninkawa sau biyu.

Wannan jinkiri bai isa ya kwantar da hankali ba. Shimfiɗar ba ta wuce da zafi kamar lafiyayyen ƙarfe, kuma in ta ɓare ta faɗa cikin wutar tukunyar, ɗan tungisten kaɗan ya isa ya sanyaya ta. Duk da haka a 2023 masu ginin ITER suka zaɓi su lulluɓe sauran bangon ma da tungisten maimakon beriliyom.