Wiwin magani a Amurka: takardar likita ba ta hana kora daga aiki

Jama'a masu saurare, da ku ƴan uwa mazauna Amurka, yau batun tabar wiwi muka ɗauko. A nan Nijar haramtacciya ce, ba gardama. A Amurka kuwa, tun 1996 jihar Kalifoniya ta yarda majinyaci ya yi amfani da ita in likita ya ba da shawara, kuma yanzu jihohi sama da 35 sun bi sahu. Masu ciwon daji da masu ciwon jiki mai tsanani na cikin waɗanda ake ba.

To ina matsalar? Dokoki biyu ne ke aiki a ƙasa guda. Jiha ta ce to, amma dokar tarayya ta 1970 ta jera wiwi cikin ƙwayoyin da aka hana. Mai kamfani yana tsakiya, ma'aikaci ma haka.

Ku ji abin da ya sami Brandon Coats a jihar Kolorado. Mutum ne da ke kan keken guragu, yana amsa waya a kamfanin Dish Network, yana da takardarsa, kuma a gida yake sha bayan an tashi. A 2010 gwaji ya nuna wiwi a jikinsa, aka sallame shi. Ya kai ƙara, a 2015 kotun ƙolin jihar ta ba kamfani gaskiya, ta ce abin da tarayya ta hana ba za a kira shi halas ba. A Masacuset kuwa, a 2017, kotu ta ce wata mata mai ciwon hanji da aka kora tana da damar kai ƙara, don ya kamata kamfani ya fara neman yadda zai sassauta mata. Kun ga, kowace jiha da irin tata.

Abin da ya fi damun masu kamfani shi ne gwajin fitsari ba ya nuna ko mutum a buge yake yanzu. Wanda ya saba sha, alamar kan yi makonni a jikinsa. A ganinmu nan ne ake cutar wasu. Sai dai babu jihar da ta tilasta wa mai kamfani ya bar ma'aikaci ya zo aiki a buge.

Ƴan uwanmu masu tuƙa manyan motoci, ku kam ba sassauci. Ma'aikatar sufuri ta tarayya ce ke kula da gwajinku, kuma ba ta karɓar takardar wiwin magani, ko daga wace jiha take. Mai katin zama da ke neman zama ɗan ƙasa shi ma ya kula: a 2019 hukumar shige da fice ta bayyana cewa mu'amala da wiwi, har da aiki a shagon da jiha ta ba izinin sayarwa, na iya sa a ƙi amincewa da buƙatarsa.