Daga Ɗakin Labarai Zuwa Ƙofar Majalisa

Ran Talata, 16 ga watan Maris na 2010, sa'ad da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kusa cika mako uku da komowa daga jinyar Saudiyya, alhali talakawansa ba su sa shi a ido ba, ga layin mai ya gallabi masu motoci, ga duhun rashin lantarki, ga kuma jinin da aka zubar a gefen Jos bai ko bushe ba, sai wani ayari na samari da 'yan mata ya doshi Majalisar Tarayya a Abuja, yana neman a fito a yi wa jama'a bayani. Sunan da suka raɗa wa tafiyar tasu shi ne Enough is Enough, wato dai tura ta kai bango. Cikin waɗanda suka ƙulla wannan al'amari akwai wani ɗan jarida mutumin Ikko, Chude Jideonwo, wanda a ranar ce ya cika shekara 25 da haihuwa, kuma bisa ga al'adar sana'arsa, kamata ya yi a gan shi a gefen hanya da alƙalami da ɗan littafi yana ƙidayar mutane, sai ga shi a tsakiyar sahu.

Yadda aka yi ya tsallake daga gefen hanya zuwa tsakiyar sahu abin dubawa ne, domin hanya ce da 'yan jarida da dama suka bi gabaninsa. Ernest Ikoli, editan farko na jaridar Daily Times a 1926, yana cikin mutum huɗu da suka kafa ƙungiyar samarin Ikko a 1934, wadda bayan shekara biyu ta zama ƙungiyar samarin Nijeriya baki ɗaya. Ashe wanda ya daɗe yana rubuta koke-koken mutane, wata rana hannunsa yakan yi ƙaiƙayin ya taɓa abin da kansa.

Shi Jideonwo tun yana ɗan shekara goma sha wani abu ya shiga aikin talabijin, ya yi hidima a shirin safe na Funmi Iyanda mai suna New Dawn a tashar NTA, inda aikin yaro irinsa shi ne binciko baƙi, da tattara bayani a kansu, da shirya tambayoyi kafin a kunna fitila. Ya karanta shari'a a Jami'ar Legas, daga baya kuma ya yi aiki a jaridar NEXT, wadda Dele Olojede ya kafa bayan ya ci lambar Pulitzer a 2005. To, mai irin wannan aiki, ko da ba shi da ko anini a aljihu, yakan tara wata dukiya da ba a ajiyewa a banki: ya san lambar wayar manya, ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a buɗe, ya san yadda ake sarrafa magana ta shiga kunnen da ya toshe, uwa uba kuma ya koyi abin da malaman hadisi suka fi kowa ƙwarewa a kai, wato bin isnadi, a san wa ya faɗa, daga wa ya ji, kafin a karɓi ruwaya. Wannan jari ne shi da abokansa, Adebola Williams da Emilia Asim-Ita, suka zuba a cikin The Future Awards, bikin karramawa da aka fara a 2006 domin matasa masu shekara 18 zuwa 31 da suka yi fice a kasuwanci, da kimiyya, da fasaha, da hidimar jama'a.

Mai karatu yana iya cewa, to mene ne fa'idar lambar yabo ga saurayin da ke neman jari ko aikin yi? Tambaya ce mai hujja, ni ma na daɗe ina jujjuya ta. Amma a tuna da halin da ake ciki a lokacin, yayin da sunan saurayin Nijeriya ba ya fita a jarida sai in an kama shi da damfara ta intanet, ko an yi hayarsa bangar siyasa, har shi kansa ya soma gaskata cewa iyakarsa ke nan. Ɗan jarida kuwa, fiye da attajiri da ma'aikacin hukuma, ya san cewa idon jama'a abu ne da ake juyawa kamar akalar raƙumi, kuma duk inda aka juya shi, can masu kuɗi da masu mulki za su duba. Saboda haka abin da waɗannan matasa suka raba wa tsararsu shi ne shaida a bainar jama'a, irin wadda malami ke yi wa almajirinsa ran saukar karatu, wadda ba ta cika ciki a ranar, amma tana buɗe ƙofofin da dā suke a garƙame.

Daga karramawa aka gangara zuwa siyasa, kamar yadda ruwa ke bin kwari. Tafiyar nan ta Abuja ta rikiɗe ta zama ƙungiya tsayayya, wadda ta riƙa kiran matasa gabanin zaɓen 2011 da su yi rajista, su tantance 'yan takara, su jefa ƙuri'a, sa'an nan su tsaya su tsare ta.

Sai dai a nan ne mas'alar take, kuma ban ga amfanin a rufe ta da zani ba. A shari'a, shaida daban, mai ƙara daban, kuma ranar da shaida ya zama yana da rabo a cikin abin da ake jayayya a kai, alƙali yana da ikon ya ajiye maganarsa gefe, komai gaskiyarsa. Darajar ɗan jarida ita ce darajar shaida. Ran da ya ɗauki tuta, ko da tutar alheri ce, ya sayar da wani yanki na wannan daraja, ba ya kuma iya fansarsa da sauƙi. Kamfanin StateCraft, na su Jideonwo da Williams, ya yi wa Muhammadu Buhari aikin tallata takara a zaɓen 2015, ya kuma yi wa Nana Akufo-Addo na Gana irinsa a 2016, dukansu biyu suka ci. Ta fuskar sana'a nasara ce babba, amma daga ranar duk abin da suka faɗa game da halin matasa, akwai mai saurare da zai fara tambayar bakin wa suke ari. Ban ce sun yi laifi ba, don kuwa zaɓi ne da mutum yake da haƙƙin yi. Abin da na ce shi ne ba a hawa doki biyu da sirdi ɗaya.

Akwai kuma iyakar da kayan aikin kansu suka gindaya. Fitilar talabijin da shafin intanet sun fi saurin gano wanda ya yi boko, yake zaune a birni, yake jin Turanci, alhali mai tura baro a kasuwar Mile 12 ta Ikko, da yarinyar da aka cire daga aji uku, su ma matasa ne, kuma su ne suka fi yawa. Wanda ya fito daga ɗakin labarai yakan iske cewa labari yana ƙarewa ran da aka buga shi, amma tarbiyyar mutum guda tana cin shekaru, ba ta da kanun da za a sa mata, ga neman kuɗin masu tallafi da rubuta musu rahoto, aikin da ba ya ƙarewa.

Duk da haka, hayaniyar da wancan zamani ya tayar ba ta tafi a iska ba, ko da yake wasu ne suka kai kayan gida. Ƙungiyar YIAGA ta Samson Itodo ce ta ja ragamar neman a rage shekarun tsayawa takara, kuma ran 31 ga Mayu 2018 Shugaba Buhari ya sa wa dokar hannu: shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, ɗan majalisar wakilai da na jiha daga 30 zuwa 25. Shi kuwa Jideonwo, a 'yan shekarun nan ya koma kan kujerar da ya faro, yana zaunar da mutane a shirinsa na WithChude yana yi musu tambayoyi a kan baƙin ciki, da ciwon damuwa, da yadda suka tashi bayan faɗuwa.